Hattara Da Mai Bugo Waya Da Albishirin Fansho

Duk wanda ya san Maiduguri ya san Hausari. Tsohuwar unguwa ce a cikin Yerwa, ba ta da nisa da Kasuwar Litinin, kuma Barebari ne suka raɗa mata suna, gama a harshensu in an liƙa "ri" a ƙarshen sunan mutane ana nufin mazauninsu ke nan. Fatake da malamai da masu sana'a daga ƙasar Hausa suka zauna a nan bayan an kafa garin a 1907. Da jirgin ƙasa ya iso a 1964, sa'an nan aka mai da Maiduguri hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sai aikin gwamnati ya buɗe. Samari suka shiga reluwe da gidan waya da aikin ɗan sanda da koyarwa, waɗansu akawu, waɗansu masinja, waɗansu direba.

Waɗancan samari da na bayansu su ne dattawan da ake gani yau a kan tabarma a ƙofar gida bayan La'asar, kowa da 'yar wayarsa a aljihun riga. Da yawansu ba su da abin dogara sai fansho, sai kuma ɗan abin da 'ya'ya ke aikowa daga Kurmi, watau daga Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo ta Badun, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal. Rikicin da ya ɓarke a Barno a 2009 ya ƙara yawan masu barin gida neman abinci. To, wannan 'yar waya ta aljihu ita ce ƙofar da wani irin ɓarawo ya samu, wanda ba ya haura katanga, ba ya fasa ɗaki. Abin da ya sa zancen ya shafi mazauna Kurmi kuwa shi ne, sau da yawa kuɗin da ake sacewa gumin ɗan ne da ke dako ko gadi ko sayar da albasa a Ikko, tsohon hanya ce kawai da kuɗin suka bi.

YADDA KIRAN YAKAN ZO

Yakan zo da safe, ranar aiki, lokacin da ofisoshi ke buɗe. Muryar mai ladabi ce, ba gaggawa. Sai ya yi sallama, ya kira cikakken sunan dattijo, ya ce, "Baba, barka da hutawa. Daga ofishin fansho na Abuja ne. Ranka ya daɗe, albishirinka." Wane tsoho ne zai ji haka bai ce goro ba?

Daga nan sai ya faɗi ma'aikatar da dattijon ya yi wa aiki, da shekarar da ya yi ritaya, wani lokaci har da matakin albashin da ya tsaya. Ya ce sunansa ya fito cikin waɗanda za a biya ariyas, ya ambaci wani adadi mai daɗin ji, a misali Naira miliyan 2 da 'yan kai. Sai dai akwai 'yar matsala. Fayil yana kan teburin oga, ana rufe lissafi yau da ƙarfe biyu, kuma akwai kuɗin takarda, Naira dubu 30 kacal, wanda in ba a biya ba sai a tsallake shi zuwa baɗi. Kafin ya ajiye waya sai ya rage murya ya ce, "Baba, don Allah wannan tsakaninmu ne, taimakonka nake yi saboda ka haife ni. Kada ka faɗa wa kowa, kada a kore ni daga aiki."

Dattijo ba shi da dubu 30. Sai ya kira ɗansa a Agege ya ce, "Kai, ka turo mini dubu 30 yau ɗin nan, ran Juma'a zan mayar maka." Ɗa na kirki ba ya tambayar mahaifinsa me zai yi da kuɗi. Sai ya bar rumfa ya je wurin mai POS ya tura.

Juma'a ta zo, ba alat. Mai kiran ya sake bugowa yana ba da haƙuri, ya ce an samu kuskure a lambar asusu, ko kuwa masu haraji sun riƙe, sai an ƙara dubu 50. Nan ne abin yake da wuyar tsayawa, domin wanda ya riga ya zuba dubu 30 ba ya son ya yarda sun tafi. Haka za a yi ta ja har ran da lambar ta daina shiga.

Akwai masu zaton irin wannan aiki na mutanen wani ɓangare ne na ƙasa, don haka in sun ji Hausa tsantsa ko Barbarci sai hankalinsu ya kwanta. Wannan kuskure ne babba. Mai damfara ya san wa yake kira, ya san gaisuwar da za ta buɗe masa ƙofa, yana iya jawo addu'a da salati fiye da limamin unguwa. Sanin da ya yi wa sunan mutum da ma'aikatarsa ma ba shaida ba ne. Akan liƙa jerin sunayen 'yan fansho a allon sanarwa in za a tantance su ko za a biya su, akan cika fom a shagunan kwamfuta a bar kwafi a can, akwai kuma manhajar waya irin Truecaller da ke nuna sunan mai lamba. Da ɗan gari akan ci gari.

ME YA SA SUKE YARDA?

Mutane sukan yi saurin cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. A nan karin maganar bai dace ba, kuma zalunci ne a jefi tsohon da shi. Ba caca ya shiga ba, ba a ce masa ya ci gasar da bai yi ba. Hakkinsa ne na shekara 35 da ya yi yana sammako, ya daɗe yana jiransa, ya kuma ga abokansa sun mutu suna jira.

Bugu da ƙari, idonsa ya ga abin da aka yi da kuɗin fansho a ƙasar nan. A watan Janairu na 2013, wata babbar kotu a Abuja ta sami John Yakubu Yusuf na ofishin fanshon 'yan sanda da laifin cin kuɗin fansho na miliyoyi dubbai, ta ba shi zaɓi tsakanin ɗaurin shekara 2 da tarar Naira dubu 750. Ya biya nan take ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin shekara 6 da biyan Naira miliyan dubu 22.9. Shi kuwa Abdulrasheed Maina, mutumin Biu a nan Jihar Barno, wanda aka ɗora a 2010 a kan kwamitin gyaran harkar fansho, sai da aka kamo shi daga Yamai a ƙarshen 2020, sa'an nan ran 8 ga watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ɗaure shi shekara 8 a kan kuɗi wajen Naira miliyan dubu 2.

Waɗannan shari'o'i ba su da alaka da masu bugo waya, amma su suka share musu gona. Sun koya wa tsofaffi cewa fayil ba ya motsi sai an shafa masa mai. Saboda haka in wani ya kira ya ce a ba da ɗan wani abu, dattijo ba ya jin baƙon abu, abin da ya riga ya yi tsammani ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu damfarar kuma suna sauraron rediyo kamar kowa. Duk sa'ad da gwamnati ta ba da sanarwar biyan bashi, kamar yadda Gwamnatin Jihar Barno ta yi a 2020 da ta ware Naira miliyan dubu 12 don rage bashin garatuti, ko kuwa aka ce an ƙara fansho saboda ƙarin albashi, to kowane tsoho kunnensa a tsaye yake, kuma lokacin ne ƙarya ta fi kama da gaskiya. Haka nan ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau ran 10 ga watan Satumba na 2024, wadda ta shiga fadar Shehu da Kasuwar Litinin da asibitin koyarwa da unguwanni masu yawa, ta lalata wa mutane takardu. Wanda ruwa ya cinye masa takardar ɗaukar aiki da ta ritaya yana kwana da fargabar za a cire sunansa, in wani ya ce zai gyara masa fayil ta waya, yana iya kamawa. Alhali kuwa hanyar sake takarda sananniya ce: a yi takardar rantsuwa a kotu, a koma ma'aikatar da aka yi wa aiki a nemi kwafi.

KOWA DA GIDANSA

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani game da fanshon mahaifinsa shi ne, wane ofishi ne ke riƙe da shi. 'Ya'ya da yawa ba su sani ba, sun dai san Baba yana karɓar fansho. Babu wani wuri guda da ake kira "ofishin fansho na Abuja".

Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya na tsohon tsari, irin su mutanen reluwe da NITEL da kwastan da gandurobobi da tsofaffin 'yan sanda, suna ƙarƙashin hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013. Sojoji suna da hukumar fanshonsu dabam. Wanda ya yi wa jiha ko ƙaramar hukuma aiki, kamar malamin firamare, galibi maganarsa tana nan Maiduguri. Sai kuma sabon tsarin adashi da Dokar Gyaran Fansho ta 2004 ta kawo, aka sake ta a 2014, inda ake yankar kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, mai aikin ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin a wani kamfanin fansho, hukumar PenCom tana sa ido. Tsohon malamin firamare na Hausari da aka kira aka ce masa daga PTAD ne, ai magana ta ƙare tun daga sallama.

Duk waɗannan gidaje sun haɗu a kan abu ɗaya: ba a sayen fansho da kuɗi. PTAD ta sha fitar da sanarwa tana gargaɗin 'yan fansho cewa aikinta kyauta ne, kada su ba kowa ko kwabo don a hanzarta musu biya. Ko shirinta na tabbatar da cewa ɗan fansho yana raye, wanda aka gwada a 2021 aka faɗaɗa a 2023, inda mutum ke nuna fuskarsa ta waya ko ya dangwala yatsa, ba a biyan hukumar komai. Kuma tun 2015 duk kuɗin da za a biya Gwamnatin Tarayya asusunta na bai ɗaya suke shiga. Saboda haka in mai POS ya buga lambar asusun da aka bayar, sunan wani mutum ya fito, to ba gwamnati ake biya ba.

Sabon tsarin ya shafi mazauna Kurmi su kansu, domin direbobi da masu gadi da leburorin kamfani da yawa suna da irin wannan asusu. Su abin da akan ce musu shi ne, akwai hanyar da za a fitar musu da kuɗinsu gaba ɗaya in sun ba da kamisho. Doka ba ta bar wannan ƙofa ba. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya yi wata 4 bai sami wani ba, yana iya karɓar kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Wanda ya yi ritaya ya kai 50 akan ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata wata. Tun watan Nuwamba na 2020 kuma mutum yana iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara, kyauta. Duk wannan a ofishin kamfanin ake yi, da takardu, ido da ido.

Wani mai kiran ba ya neman a turo masa ko sisi, kuma shi ya fi haɗari. Cewa yake ana sabunta rajista, in ba a yi yau ba za a tsayar da fansho. Sai ya nemi lambar BVN, da ranar haihuwa, da lambobin da ke jikin katin cirar kuɗi. Sa'an nan ya ce, "Baba, yanzu wani saƙo zai shigo wayarka, ka karanto mini lambar." Wannan lamba ita ce mabuɗin da banki ke aiko wa mai asusu shi kaɗai don ya amince a fitar da kuɗi. Da ya karanta ta, ya miƙa mabuɗin. Gaskiya ne ofisoshin fansho sukan buƙaci BVN lokacin tantancewa, amma a kan fom ne, a wurin da aka sanar. Lambar sirri ta kati kuwa, da lambar da ke shigowa ta saƙo, ko manajan banki ba shi da ikon tambayarsu.

Ba Nijeriya kaɗai ke fama ba. A Ingila abin ya yi yawa har gwamnati ta hana kiran mutum haka kawai a yi masa tallar fansho, daga ran 9 ga watan Janairu na 2019, da tarar da ta kai fam dubu 500. A nan gida, dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar dukiyar wani da ƙarya, ban da sashe na 419 na dokar laifuffuka ta Kudu wanda 'yan damfara suka samo suna daga gare shi. Dokar tana nan, kama mai laifin ne wuya.

AIKIN ƊAN DA KE NESA

Babban makamin mai damfara kunya ce. Dattijon da ya riƙe ofishi, ake kawo masa shawara a unguwa, ba zai so a ji wani yaro ya yi masa wayo ta waya ba. Sai ya haɗiye. Wani ma sai bayan rasuwarsa ake ganin rasit ɗin POS cikin littafi. Ga kuma ladabin da ya hana ɗa ya ce wa uba, me za ka yi da su. Tsakanin kunyar uba da ladabin ɗa, ɓarawo ya sami hanya shararriya.

Akwai yadda ɗa zai tambaya ba tare da ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba. Sai ya ce, "Baba, a ba ni lambar mutumin da ta asusun, ni zan biya shi da hannuna, kada a wahalar da kai." Babu uban da zai ji haushin wannan. In lambar ta zo, ya duba sunan da ke kan asusun. Ya kira mutumin ya tambaye shi sunansa, da sashen da yake aiki, da adireshin ofishi, ya ce zai aiko ƙanensa da kuɗin hannu a ba shi rasit. Ma'aikacin gaskiya zai ce ba a biyan komai. Na ƙarya zai fara faɗa, ya ce lokaci na ƙurewa, ko ya kashe waya.

Ya kamata kuma tun kafin kira ya zo a yi wannan zance, lokacin da aka je gida Sallah ana hira, ba lokacin da dattijo ya riga ya ɗauki zafi ba. A rubuta masa lambar ofishinsa ta gaskiya, wadda aka karɓo daga ofishin ko daga takardunsu, a liƙa a bangon ɗaki. A yi yarjejeniya cewa duk wanda ya kira a kan fansho, a ce masa an gode, a ajiye waya, a kira waccan lamba, ko a tafi ofishin, ko a tambayi shugabannin ƙungiyar 'yan fansho, waɗanda in da gaske ana biya su za su fara sani. Kada a sake kiran lambar da ta bugo don neman tabbaci, domin ɓarawo ba zai ƙaryata kansa ba. Bankuna da yawa kuma suna da gajeriyar lamba ta rufe asusu nan take daga kowace waya, ya kamata a nemi ta bankin Baba a ajiye.

In abin ya riga ya faru, faɗa ba shi da amfani, sauri ne ke da amfani. A rufe asusun, a je banki a rubuta ƙara a ranar, domin wani lokaci akan iya tsayar da kuɗi a asusun da suka faɗa kafin a kwashe. In banki ya yi mako 2 bai ce komai ba, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen kare masu hulɗa da bankuna. A kai rahoto ga 'yan sanda, ko ga hukumar EFCC, wadda take da ofishin shiyya a Maiduguri, tana kuma da shi a Ikko da Badun da Fatakwal, watau ɗan da ya tura kuɗin yana iya kai ƙara a inda yake. Kada a goge saƙonni, kada a yar da rasit. A kuma shirya wa kira na biyu, domin wanda aka cuta sau ɗaya akan sake kiransa, wannan karon a ce jami'in bincike ne zai ƙwato masa kuɗinsa in ya biya kuɗin mota.

Ba tsofaffin maza kaɗai ake bi ba. In ɗan fansho ya rasu, labari ba ya ɓuya, sai a kira matarsa tana cikin takaba a yi mata ta'aziyya, a ce, "Hajiya, Allah ya ji ƙan Baba, akwai hakkinsa da ya rage za a ba magada." Ita ba ta taɓa shiga ofishin ba, ba ta iya fita, 'ya'yan da suka zo zaman makoki sun koma Ikko. Hakkin mamaci yana da hanyarsa. Ana buƙatar takardar shaidar mutuwa, da takardar izinin kula da gado daga kotu, a kai wa ofishi ko kamfanin da ke riƙe da fanshon. Abin da za a kashe a kotu, a kotun ake biya a karɓi rasit. Saboda haka kafin babban ɗa ya hau motar komawa Kurmi bayan sadakar bakwai, ya tattara takardun aikin mahaifinsa wuri ɗaya, ya san ofishin da za a je da wanda zai je, ya kuma gaya wa mahaifiyarsa cewa duk wanda ya bugo a kan kuɗin marigayi, ta ba shi lambar ɗanta.